Lewis Hamilton, Zakaran Tseren Motoci

Tsere shi ne mutum biyu ko fiye su tashi daga wuri ɗaya, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa isa. Akwai tseren ƙafa, akwai na kekuna, akwai kuma na dawaki, wanda Hausawa suke kira sukuwa. A cikinsu duka babu wanda ya kai tseren motoci sauri da cin kuɗi. Babbar gasar wannan wasa ita ce Formula 1, wadda aka fara a shekarar 1950 a filin Silverstone da ke Ingila. Daga lokacin zuwa ƙarshen 2024, babu direban da ya ci tsere da yawa kamar Lewis Hamilton. Ya zo na ɗaya sau 105, ya kuma zama zakaran duniya sau 7.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai zaci nasara ta zame masa kamar shan ruwa. Ba haka abin yake ba. Sau uku aikinsa na shekara guda ya rataya a kan maki ɗaya ko zagaye ɗaya, kuma a biyu daga ciki shi ne ya faɗi. Abin mamaki shi ne, a duka ukun maganar ta tsaya ne a kan taya. Kafin mu gane dalilin haka, sai mun fara sanin yadda ake wasan.

Yadda ake gasar

Motar Formula 1 kujera ɗaya gare ta, ba ta da rufi, tayoyinta kuma a fili suke. Tana gudun fiye da kilomita 300 a awa ɗaya. Ba a kan titin da jama'a suke zirga-zirga ake sakin ta ba, sai a hanyar da aka killace, wadda take zagayowa ta dawo inda ta fara. Motoci kusan ashirin ne suke shiga, kowace ƙungiya tana da biyu. Sukan yi ta zagayawa har su cika kusan kilomita 305, wato kusan nisan Legas zuwa Benin, a cikin ƙasa da awa biyu. Yawanci ranar Asabar ake gwajin sauri. Wanda ya fi kowa sauri a ranar shi zai tsaya a gurbin farko idan za a tashi ranar Lahadi. Wanda ya fara tsallake layin ƙarshe, ana kaɗa masa tuta mai zanen baƙi da fari kamar gidan dara.

Cin tsere ɗaya ba ya mai da direba zakara. Ana bin ƙasashe ne ɗaya bayan ɗaya a cikin shekara, ana tara maki. A 2024 tsere 24 aka yi. Tun daga 2010, na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka har zuwa na goma da yake samun 1. Kafin nan kuwa na ɗaya 10 yake samu, na biyu 8, na uku 6. Wanda makinsa ya fi yawa a ƙarshen shekara shi ne ya ci kambu, wato matsayin zakaran duniya.

Yanzu mu zo kan taya. Tayar mota irin wannan laushi gare ta, domin ta kama ƙasa sosai a kwana. Saboda laushin nan ba ta daɗewa take cinyewa. Akwai tayar busasshiyar hanya, wadda a yau sumul take ba ta da zane. Akwai kuma tayar ruwa mai zane, wadda take kore ruwan da yake kwance a kan hanya. Idan aka hau jiƙaƙƙiyar hanya da tayar rani, mota za ta yi ta santsi. Idan aka hau busasshiya da tayar ruwa, nan da nan za ta ƙone. Saboda haka dole direba ya ratse zuwa garejin ƙungiyarsa a tsakiyar tsere. Can makanikai kusan ashirin suke jiransa, su cire tayoyi huɗu su sa sababbi cikin daƙiƙa biyu ko uku (daƙiƙa a nan tana nufin sakan). Amma shiga da fita kan cinye masa kusan daƙiƙa ashirin, abokan takara kuwa ba za su tsaya jiransa ba. Yaushe za a shiga? Wace taya za a sa? Direba da injiniyoyinsa suna ta shawara ta oba-oba, mota tana cikin gudu. Nan ne ake ci, nan ne ake faɗuwa.

Yaron Stevenage

An haifi Lewis Hamilton ranar 7 ga Janairu, 1985, a garin Stevenage, arewa da Landan. Mahaifiyarsa Baturiya ce. Mahaifinsa, Anthony Hamilton, baƙar fata ne, iyayensa sun zo Ingila daga tsibirin Grenada da ke yankin Karebiyan. Gidansu ba na masu kuɗi ba ne, alhali wasan tseren mota wasan 'ya'yan masu hali ne. Lewis yana ɗan shekara takwas ya fara tsere da 'yar ƙaramar motar nan ta yara da ake kira kat. Domin a biya kuɗin mai da taya da tafiye-tafiye, sai da mahaifin ya haɗa ayyuka da yawa a lokaci ɗaya. Shi ne kuma bakaniken ɗansa a ranakun tsere. Sau da yawa su kaɗai ne baƙaƙe a filin, kuma sun sha jin baƙar magana saboda launin fatarsu.

Yana da shekara goma ya zama zakaran yara na Birtaniya. A wajen wani bikin ba da kyaututtuka a 1995, ya je gaban Ron Dennis, shugaban ƙungiyar McLaren, ya gaya masa cewa wata rana yana so ya tuƙa motarsa. Dennis ya ce ya neme shi bayan shekara tara. Ba a kai haka ba. A 1998 McLaren ta ɗauke shi cikin shirinta na renon matasan direbobi, yana da shekara goma sha uku. Daga nan ya bi ƙananan gasanni hawa-hawa, yana cin kambu, har ya lashe gasar GP2 a 2006. Ita ce matakalar ƙarshe kafin Formula 1.

Maki ɗaya, sau biyu

A 2007 McLaren ta ba shi mota, ta haɗa shi da Fernando Alonso na Sifen, wanda ya ci kambu a 2005 da 2006. Kowa ya ɗauka sabon shiga zai zauna ya koya daga babba. Hamilton ya zo na uku a tserensa na farko a Ostareliya. A tsere tara na farko bai taɓa kasa na uku ba. Ranar 10 ga Yuni ya ci nasararsa ta farko a birnin Montreal na Kanada, bayan mako ɗaya ya ƙara ci a Amurka. Da ya rage saura tsere biyu a shekarar, yana gaban Alonso da maki 12, yana gaban Kimi Raikkonen na Ferrari da 17. Ku tuna, a lokacin maki 10 ne kacal ake ba na ɗaya. Kambu ya kusa zuwa hannu.

Sai aka je ƙasar Sin. An fara tsere hanya a jiƙe, daga baya ta fara bushewa. Ƙungiyarsa ta bar shi a kan tayar ruwa tana jiran ta ga abin da sama za ta yi, har tayar baya ta cinye, zaren cikinta ya fito. Da aka kira shi a ƙarshe, ya zo shiga hanyar gareji, sai motar ta zame ta faɗa cikin tsakuwa ta kafe. Bai sami ko maki ɗaya ba. A tseren ƙarshe a Barazil giyar motarsa ta yi gardama na ɗan lokaci, ya gama a na bakwai. Raikkonen ya ci kambu da maki 110. Hamilton yana da 109.

Shekara ta zagayo, aka sake haɗuwa a Barazil ranar 2 ga Nuwamba, 2008, a filin Interlagos na birnin Sao Paulo. A wannan karo abokin takararsa shi ne Felipe Massa na Ferrari, ɗan garin, wanda dubban 'yan kallo suke goyon baya. Hamilton yana gaba da maki 7. Lissafin a fili yake: idan Massa ya zo na ɗaya, dole Hamilton ya zo aƙalla na biyar. Idan ya zo na shida za su yi kunnen doki, a ba Massa kambu saboda ya fi shi yawan cin tsere a shekarar.

Ana dab da gamawa sai ruwa ya fara sauka. Yawancin manyan direbobi, har da Hamilton, suka shiga gareji suka sa tayar ruwa. Timo Glock na ƙungiyar Toyota bai shiga ba, ya ci gaba da tayar rani, saboda haka ya koma gaban Hamilton. Saura kaɗan a gama, wani matashin Bajamushe, Sebastian Vettel, shi ma ya wuce shi. Hamilton ya koma na shida. Massa ya tsallake layi a na ɗaya, 'yan kallo suka ɓarke da sowa, danginsa suka rungumi juna a garejin Ferrari. Amma ruwan ya ƙaru a zagayen ƙarshe. Tayoyin Glock suka daina kama ƙasa, motarsa ta koma tafiyar hawainiya. A kwanar ƙarshe, kafin a hau gangaren da yake kaiwa ga layi, Vettel da Hamilton suka wuce shi. Hamilton ya gama a na biyar. Maki 98 da 97. Murnar gidan Massa ba ta kai minti ɗaya ba.

Hausawa suna cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da wuya a sami inda karin maganar nan ta zauna daram kamar wannan rana. Hamilton yana da shekara 23, a lokacin babu wanda ya taɓa cin kambun da ƙarancin shekaru kamarsa. Shi ne kuma baƙar fata na farko da ya ci shi. Ya kamata a yaba wa Massa ma. Ya hau dandamali da hawaye a idonsa, ya dafa ƙirji ya gaishe da mutanen garinsa, bai zargi kowa ba.

Shekarun Mercedes

Shekara huɗu suka wuce bai sake cin kambu ba. A 2013 ya bar McLaren, gidan da ya rene shi, ya koma Mercedes, ya maye gurbin Michael Schumacher. Mutane da yawa sun ga wautarsa, domin a lokacin McLaren ta fi Mercedes ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohon zakara Niki Lauda yana cikin waɗanda suka shawo kansa. A shekarar farko tsere ɗaya kawai ya ci. Amma a 2014 aka canza dokar inji, aka koma ƙaramin inji mai haɗa fetur da lantarki, kuma Mercedes ta riga kowa shiri. McLaren kuwa ba ta sake cin tsere ba sai 2021.

Hamilton ya ci kambu a 2014 da 2015. A 2016 abokin aikinsa kuma abokinsa na yarinta, Nico Rosberg, ya kayar da shi da maki 5. A shekarar ne injinsa ya kama wuta a Malesiya yana kan gaba. Daga 2017 zuwa 2020 kuwa babu wanda ya karɓe kambun daga hannunsa. A watan Oktoban 2020, a Fotugal, ya ci tsere na 92, ya wuce 91 ɗin Schumacher, adadin da aka daɗe ana ganin ba mai kamo shi.

A nan ne masu gardama suke cewa ai mota ce take ci, ba direba ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ƙungiya kamar Mercedes tana da ɗaruruwan ma'aikata, kuma ta ci kambun ƙungiyoyi sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021. Komai gwanintar direba, ba zai ci kambu da motar da ba ta gudu ba. Sai dai kowace ƙungiya mota biyu take da su iri ɗaya. Daga 2017 zuwa 2021 Valtteri Bottas ne ya tuƙa ɗaya motar ta Mercedes. Bottas ya ci tsere 10 a waɗannan shekaru, Hamilton ya ci 50. A ganina wannan lissafi ya isa amsa.

Tsere biyu na 2020 sun nuna abin da lissafi ba ya nunawa. A Silverstone, tayarsa ta gaba ta hagu ta fashe a zagayen ƙarshe. Ya lallaɓa motar a kan ƙafa uku, tana jan ƙasa tana tartsatsi, ya tsallake layi kafin Max Verstappen ya kamo shi. Na biyu shi ne na Turkiyya, ranar 15 ga Nuwamba. An yi wa hanyar sabuwar kwalta, ga ruwan sama, motoci sai juyawa suke kamar a kan sabulu. Hamilton ya tashi daga gurbi na shida. Ya sa tayar ruwa tun farkon tsere, ya yi ta lallashinta har zagaye hamsin. Zanenta ya goge a hankali, ta koma sumul daidai lokacin da hanya take bushewa, wato ta zama irin tayar da ake bukata. Ana gab da gamawa, injiniyoyinsa suka kawo shawarar ya shigo a canza, domin ana tsoron ruwa zai dawo. Ya ƙi. Daga baya ya ce abin da ya same shi a bakin gareji a ƙasar Sin a 2007 ne ya faɗo masa a rai. Ya ci tseren da tazarar fiye da daƙiƙa 30, ya ɗauki kambu na bakwai, ya yi daidai da Schumacher. A ƙarshen shekarar aka sanar cewa masarautar Birtaniya ta ba shi lambar girma ta Sir.

Zagaye ɗaya a Abu Dabi

A 2021 Verstappen, ɗan ƙasar Holan mai tuƙa wa Red Bull, ya tsaya masa a wuya. Sun yi karo da juna fiye da sau ɗaya a shekarar. A watan Satumba Hamilton ya ci tsere na 100 a Rasha. Da aka zo tseren ƙarshe a Abu Dabi, ranar 12 ga Disamba, makinsu ɗaya: 369.5 kowannensu. Duk wanda ya riga ɗan'uwansa shi ne zakara.

Hamilton ya ja gaba kusan tun daga farko. Saura zagaye biyar yana gaba da fiye da daƙiƙa goma, sai wata mota ta daki bango. Idan aka yi haɗari irin wannan, akan fito da wata mota ta musamman, motar kiyaye haɗari, ta shiga gaba, kowa ya rage gudu ya bi bayanta a layi har a share hanya. Wannan yana shafe duk tazarar da na gaba ya tara. Verstappen ba shi da abin da zai rasa, sai ya shiga gareji ya sa sababbin tayoyi masu laushi. Mercedes ba ta iya kiran Hamilton ba, domin da ya shiga da Verstappen ya koma gaba, kuma mai yiwuwa a gama tseren a haka. Ya zauna a kan tsofaffin tayoyinsa.

Akwai motoci biyar a tsakaninsu, waɗanda aka riga aka yi wa zagaye. Bisa ƙa'ida, idan za a bar irin waɗannan motoci su wuce, akan bar su duka ne, sannan motar kiyaye haɗari ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta kauce. Da an bi haka, da tseren ya ƙare a bayanta, Hamilton yana gaba. Amma alƙalin tseren ya bar biyar ɗin nan kaɗai suka wuce, ya janye motar nan take, ya saki tsere na zagaye ɗaya. Sabuwar taya da tsohuwa ba sa haɗa gudu. Verstappen ya wuce shi, ya ci kambu. Bayan wata uku hukumar wasan ta duniya, FIA, ta fitar da rahoto ta ce an yi kuskure irin na ɗan'adam, amma sakamako yana nan yadda yake. Kafin nan an riga an cire alƙalin daga muƙaminsa. Verstappen bai yi laifin komai ba, dama ya samu ya yi amfani da ita. Shi kuwa Hamilton, da ya fito daga mota, ya je ya ba shi hannu ya taya shi murna, mahaifinsa ma ya yi haka. Har yau magoya bayan ɓangarorin biyu ba su daina musu a kan wannan rana ba.

Bayan haka sai fari ya biyo baya. An sake canza dokar ƙera motoci a 2022, a wannan karo Mercedes ce ta makara. Mutumin da yake cin tsere aƙalla ɗaya kowace shekara tun 2007 ya yi shekara biyu cur bai ci ko ɗaya ba. A tsakanin nan ya ƙara ba da ƙarfi ga gidauniyar da ya kafa a 2021, Mission 44, mai taimaka wa yaran da ba su da gata su yi karatu, musamman na kimiyya da injiniyanci. Lamba 44 ita ce lambar motarsa. Ya kuma sha yin kira da a dawo da gasar nahiyar Afirka, domin rabon da a yi ta a nan tun 1993, a Kyalami ta Afirka ta Kudu.

Ranar 7 ga Yuli, 2024, aka yi tsere a Silverstone. Ruwa ya sauko, ya ɗauke, hanya ta fara bushewa. Lando Norris na McLaren ne a gaba. Hamilton ya shiga gareji ya koma tayar rani zagaye ɗaya kafin Norris ya shiga, da Norris ya fito sai ya tarar da shi a gabansa. Verstappen ya taso a ƙarshe yana cin tazara, amma layi ya riga shi. Kwana 945 ke nan rabon Hamilton da nasara. Ya fashe da kuka a cikin hular kwanonsa, da ya sauko mahaifinsa ya rungume shi. Wannan ita ce nasararsa ta tara a Silverstone, kuma babu direban da ya taɓa cin tsere sau tara a fili ɗaya kafin shi. Bayan mako uku aka ba shi ta 105 a Beljiyam. A farkon 2025, yana da shekara 40, ya bar Mercedes ya koma Ferrari ta Italiya, ƙungiyar da ta hana shi kambu a shekararsa ta farko.